Zaɓen fitilar miƙe wuta wajen haɗa ampili mai fitilu ko gyaransa

0. Gabatarwa

Wanda duk ya taɓa buɗe bayan tsohuwar rediyo ko tsohon ampili na shekarun 1950 da 1960 ya ga fitilun gilashi jere bisa ƙarfe. Daga cikinsu akwai guda wadda sauti ba ya ratsa ta ko kaɗan. Galibi tana tsaye ne daura da babban taransifo, aikinta kuwa shi ne ta karɓi wuta mai kai da komowa, irin ta gari, ta mayar da ita wuta mai bin hanya guda, wadda sauran fitilun ke bukata kafin su yi aiki. Ita ce muke kira fitilar miƙe wuta a cikin wannan maƙala.

Da yake ba ta taɓa sauti, masu gyara da yawa ba su ɗauke ta bakin komi ba. In ta mutu sai a laluba cikin kwali, a ɗauko wadda ƙafafunta suka shiga mazaunin, a kunna. In ampili ya yi magana shi ke nan. A ɗaya gefen kuma akwai masu sha'awar kayan sauti a Turai da Amurka da Japan da suka kai ta inda ba ta kai ba, suna sayenta da tsada saboda wata "murya" da suke cewa tana da ita. Abin da muke son nunawa a nan shi ne, fitilu huɗu ko biyar da aka fi sani suna shiga mazauni guda, amma kowace da nauyin da take ɗora wa taransifo, da yawan matsin da take ci, da girman kwandansar da take iya jurewa. Wanda ya musanya su ba lissafi, asarar fitila ita ce ƙarama a gare shi, domin har yanzu ana ƙera ta. Taransifon ampili mai shekara 60 shi ne ke da wuyar samu, in ya ƙone kuwa sai dai a sake naɗa shi, kuma ba kowane mai naɗi ya san yadda ake killace wayar da ke ɗauke da wolt 400 ba.

Dangane da kalmomi, mun bi Faransanci wajen cewa fitila (lampe). Matsi shi ne abin da ake aunawa da wolt (tension), kwarara kuma abin da ake aunawa da ampa ko miliampa, watau mA (intensité). Turjiya ita ce abin da ake aunawa da om (résistance), ɗan abin da ake sakawa domin a samu turjiya kuwa mun bar masa sunansa na rezistansi. Zare shi ne siririyar wayar da ke zafi cikin fitila (filament).

1. Yadda take aiki

Asalin wannan fitila yana komawa ga John Ambrose Fleming, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Ingila a 1904. Cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska akwai ƙarfe biyu da ba su taɓa juna: katod, wanda ake zafafawa har ya riƙa sakin elektaron, da anod, wanda ke jawo su muddin matsinsa ya fi na katod. In matsin ya juya babu abin da ke wucewa, domin anod ba ya sakin komi.

Fitilun da za mu yi magana a kansu anod biyu gare su da katod guda. Naɗin babban matsi na taransifo yana da baki biyu da tsakiya. Tsakiyar ana ɗaure ta ga ƙarfen ampili, kowane baki kuma ga anod guda. Idan aka rubuta 350-0-350, ana nufin wolt 350 daga tsakiya zuwa kowane baki. Anod biyun karɓa-karɓa suke yi. Wutar gari a Nijar tana zagayawa sau 50 cikin sakan, saboda haka abin da ke fitowa daga katod tudu 100 ne cikin sakan, da kwari tsakaninsu. Kwandansa ta farko ce ke cike kwarin: tana cika a ƙololuwar kowane tudu, sa'an nan ta ciyar da ampili har tudu na gaba ya iso.

Akwai adadi biyu da ya kamata a riƙe tun yanzu. Wolt 350 da ma'auni ke nunawa ba shi ne ƙololuwa ba; ƙololuwar ita ce 350 sau 1,41, watau wajen wolt 495, kuma har nan kwandansa ke cika idan babu abin da ke jan wuta. Na biyu, sa'ad da anod guda ke hutawa, matsin da ke tsakaninsa da katod yakan kai ninki biyu na wannan, wajen wolt 990. Shi ya sa takardun masana'anta ke ba fitilun nan iyakar matsin baya mai yawa: 1400 ga 5Y3GT, 1500 ga GZ34, 1550 ga 5U4GB.

2. Karanta sunan fitila

Sunan da ke bisa gilashi yana faɗin abu mai yawa ga wanda ya san karatunsa. A tsarin Turai, wanda Philips da Mullard suka yaɗa, harafin farko yana nuna zare: E wolt 6,3 ne, G wolt 5, U kuma zaren da ake jerawa da wasu bisa kwarara ta mA 100. Harafi na biyu yana nuna aiki: Y anod guda, Z anod biyu. Lambar da ke biye tana nuna mazauni, 30 da ɗoriya mai ƙafa 8 ne, 80 da ɗoriya ƙaramin mai ƙafa 9. Ke nan GZ34 fitila ce mai zaren wolt 5, anod biyu, ƙafa 8, EZ81 kuwa wolt 6,3, anod biyu, ƙafa 9. A tsarin Amurka lambar farko ce ke nuna matsin zare, haruffan ƙarshe kuma siffar kwalba. Fitila guda takan ɗauki suna biyu: GZ34 ita ce 5AR4, EZ81 ita ce 6CA4, EZ80 ita ce 6V4. Tarayyar Sobiyat da nata tsarin, kuma 5Ц3С tata ta yi kusa da 5U4G.

A mazauni mai ƙafa 8, 5Y3GT da 5U4GB da 5R4GY da 5V4G da GZ34 duk tsari guda suke bi: zare a ƙafa ta 2 da ta 8, anod a ta 4 da ta 6, ana ɗaukar miƙaƙƙiyar wuta daga ta 8. Wannan dacewar ce tushen yawancin ɓarnar da muke magana. A kula kuma da 5Y4G da 5X4G, waɗanda cikinsu daidai yake da na 5Y3G da 5U4G amma ƙafafunsu dabam aka jera su. Suna shiga mazaunin lafiya lau, su haɗa abin da bai kamata a haɗa ba.

3. Abubuwan da ake dubawa

3.1. Zare da naɗin wolt 5

Wannan shi ne mafi sauƙin lissafi, shi ne kuma ya fi ƙone taransifo. 5Y3GT da 5R4GY da 5V4G ampa 2 suke ja, GZ34 ampa 1,9, amma 5U4G da 5U4GB ampa 3. Mu ɗauki Dynaco Stereo 70, ampilin da David Hafler ya fitar a Amurka a 1959, wanda aka tsara bisa GZ34 da EL34 huɗu. In aka saka masa 5U4GB, kwararar naɗin wolt 5 ta ƙaru da kusan kashi 58 cikin 100. Zafin waya kuwa yana tafiya ne da kwarara sau kanta, saboda haka zafin da wannan naɗi ke fitarwa ya ninka sau 2,5. Fizibil ba zai tsinke ba, domin wat 5 ko 6 da suka ƙaru ba su kai su tsinka shi ba. Ampili zai yi aiki yau, ya yi gobe, killacen wayar yana dahuwa a hankali. Abin da ya ƙara munin al'amarin shi ne wannan naɗi na wolt 5 yana zaune ne bisa cikakken babban matsi, tunda yana haɗe da katod, don haka ranar da killacensa ya fashe wolt 400 da ɗoriya ne za su sami hanya.

Haka abin yake ga ƙananan fitilu. EZ80 da EZ81 ƙafafunsu ɗaya, amma ta farko ampa 0,6 take ja, ta biyu ampa 1, kuma a rediyoyi da yawa na Turai daga naɗin wolt 6,3 na sauran fitilu suke sha, domin katod nasu a killace yake daga zare. Ƙarin ampa 0,4 ba ƙaramin abu ba ne ga taransifon rediyon da aka ƙera daidai wa daida.

3.2. Kwararar da ampili ke bukata

Nan ba sai mun daɗe ba. 5Y3GT mA 125 take iya bayarwa, 5V4G 175, 5U4G 225, GZ34 250, 5U4GB 275. EZ80 90, EZ81 150. Sai a tara abin da fitilun ƙarfi ke ja a lokacin da ampili ke iyakar ƙararsa, a ƙara na ƙananan fitilu, a bar sarari. EL34 huɗu na Stereo 70 suna jan mA 200 tun ba a saka sauti ba, watau 50 kowace, saboda haka 5Y3GT ba ta da wuri a nan. Abin lura guda shi ne iyakar tana raguwa in matsin taransifo ya yi yawa: GZ34 tana ba da mA 250 har zuwa 450-0-450, amma a 550-0-550 mA 160 kawai aka yarda mata.

3.3. Faɗuwar matsi

Kowace fitila tana cin wani kaso na matsin da ke ratsa ta, kuma nan ne suka fi bambanta. Bisa takardun masana'anta, 5Y3GT tana cin wolt 50 zuwa 60 a mA 125, 5U4GB wajen 50 a mA 275, 5R4GY wajen 67 a mA 250, 5V4G wajen 25 a mA 175, GZ34 kuwa wajen 17 kacal a mA 225. Dalilin yana ga ƙira. 5Y3 jikanyar fitila mai lamba 80 ce ta 1927, wadda aka sake wa mazauni a tsakiyar shekarun 1930. A cikinta zaren da kansa shi ne katod, kuma tilas a bar tazara tsakaninsa da anod domin zare yana lanƙwasa in ya yi zafi. GZ34 ta tsakiyar shekarun 1950 ce, katod nata bututu ne mai tauri da zare a cikinsa, don haka aka iya matso da anod kusa ƙwarai. Ƙaramar tazara ita ke kawo ƙaramar faɗuwa, ita ce kuma ke sa tartsatsi saurin tsallakawa in an matsa mata, kamar yadda za mu gani a 3.4.

In muka raba matsi da kwarara domin mu sami kimanin turjiyar kowace, 5Y3GT za ta ba mu wajen om 400, 5U4GB wajen 180, GZ34 wajen 75. Wannan kimantawa ce kawai, domin kwarara cikin fitila ba ta tafiya kai da kai da matsi, kuma a gaban kwandansa fizge-fizge take yi. Duk da haka jerin ba ya sauyawa.

Alal misali, mu duba Fender Deluxe na tsarin 5E3, ƙaramin ampilin gita na rabin ƙarshe na shekarun 1950, mai 5Y3GT da 6V6GT biyu, da rezistansin om 250 a katod ɗinsu. Mai gyara ya rasa 5Y3GT, ya saka GZ34. Ta fuskar zare bai yi laifi ba, 1,9 bai kai 2 ba. Ta fuskar kwarara ma ya wuce bukata. Amma babban matsi zai hau da wolt 30 zuwa 40. A ce kafin musanya kowace 6V6GT tana ganin wolt 330 tsakanin anod da katod tana jan mA 36: wat 11,9 ke nan, daf da iyakar wat 12 da tsofaffin takardu suka ba ta (na baya sun kai ta 14). Bayan musanya, a ce wolt 365 da mA 41: wat 15. Anod zai soma ja, fitilun ƙarfi su tsufa da wuri. Ba mu ce ba a iya wannan musanya ba, sai dai wanda ya yi ta tilas ya sake auna fitilun ƙarfi, ya ƙara turjiyar katod, ya duba ko kwandansoshin wolt 450 suna da sauran sarari.

Nan ne kuma maganar "murya" take da ɗan gindi. A ampilin da fitilun ƙarfinsa ke aiki biyu-biyu a aji AB, kwarara tana hawa in makaɗi ya daki tsirkiya da ƙarfi. Hawan kwarara yana ƙara faɗuwar matsi cikin fitilar miƙe wuta, babban matsi ya ɗan dusashe, sa'an nan ya farfaɗo yayin da sautin ke mutuwa. Kunne yana jin haka kamar an tausasa bakin sautin an tsawaita wutsiyarsa, kuma masu gita da yawa suna so. Da 5Y3GT abin a fili yake, da GZ34 kaɗan ne. Kamfanin Mesa/Boogie ma ya fitar da Dual Rectifier a farkon shekarun 1990 da makunnin zaɓe tsakanin 5U4GB da diyod, domin makaɗi ya ɗauki wanda ya so. Amma a ampili mai fitilar ƙarfi guda a aji A, irin Fender Champ, matsakaiciyar kwarara ba ta cika motsi ba, don haka dusashewar ba ta taka kara ta karya ba. A ganinmu, duk bambancin da ake ji tsakanin fitilun miƙe wuta biyu masu lafiya yana komawa ga abu biyu da ake iya aunawa, watau matsin da suka bar wa ampili da yadda matsin ke motsi da kwarara. Wanda ya sayi fitila da tsada ya ji sauti ya sauya, ya fara ɗora ma'auni bisa ƙafa ta 8 tukuna.

3.4. Kwandansa ta farko da turjiyar taransifo

Wannan shi ne sashen da aka fi jahilta, har ga waɗanda suka daɗe a sana'ar. Mun faɗa a sama cewa kwandansa tana cika ne a ƙololuwar tudu kaɗai. Ma'anarsa, duk wutar da ampili zai sha cikin zagaye guda tilas ta ratsa fitila cikin ɗan guntun lokaci, saboda haka kwararar wannan lokaci ta ninka matsakaiciyar sau da yawa. Katod kuwa yana da iyakar elektaron da yake iya saki nan take: mA 750 ga kowane anod na GZ34, ampa 1 ga 5U4GB. In an wuce iyaka, farin shafen da ke bisa katod yana ɓantarewa, tartsatsi ya tsallaka zuwa anod, a ga walƙiya cikin kwalba, fizibil ya tsinke in an yi sa'a.

Gwargwadon girman kwandansa, gwargwadon gajartar lokacin cikawa da tsananin fizgar. Shi ya sa aka iyakance ta: µF 60 ga GZ34, 50 ga EZ80 da EZ81. Takardun Amurka sun ba da misalansu da µF 40 ga 5U4GB, 20 ko ƙasa da haka ga 5Y3GT, 5R4GY kuwa µF 4 kacal. A da tsada da girma sun isa su hana mutum wuce gona da iri. Yau kwandansa mai µF 220 da wolt 450 ba ta fi babban yatsa da yawa ba, kuma mai gyaran da ya saba da kayan taransista ya san cewa a can ƙara kwandansa yana rage gurnani. Sai ya cire mai µF 16 ya saka mai 220 da kyakkyawar niyya. An taɓa kawo mana wani ampilin majami'a da ya ci fitila uku cikin wata biyu, mai shi yana ta zargin fitilun zamani. Da muka buɗe, abin da muka tarar ke nan. Wanda ke son rage gurnani ya bar ta farko yadda take, ya ƙara girman ta biyu, wadda ke bayan naɗin tacewa (self) ko bayan rezistansi, inda fitila ba ta ganinta kai tsaye.

Iyakar µF ba ta tsaya ita kaɗai ba, tana tafe da sharaɗin turjiya. Abin da ke rage tsananin fizga shi ne turjiyar wayar taransifo, kuma takardar GZ34 tana son om 75 zuwa 100 a gaban kowane anod in ana aiki da 350-0-350, om 125 zuwa 150 in 450-0-450 ne. Ana lissafa ta da ma'auni, taransifo a kashe: turjiyar rabin naɗin babban matsi, a tara da turjiyar naɗin shiga sau n sau n, inda n yake nufin matsin rabin naɗi a raba da matsin shiga. A ce naɗin shiga na wolt 220 ya nuna om 6, rabin naɗin wolt 350 ya nuna om 45. To n ya zama 1,59, n sau n 2,53, sau 6 ya ba da wajen 15, a tara da 45 ya zama om 60. Bai kai ba. Maganinsa rezistansi guda mai om 47 da wat 5 a gaban kowane anod. Masu haɗa sabon ampili su ne wannan ya fi shafa, domin taransifon zamani, balle mai siffar zobe, wayarsa ta fi ta da kauri, turjiyarsa ƙarama ce. Haka ma taransifon da aka sake naɗawa da waya mai kauri fiye da ta asali.

Akwai wata hanya, ita ce a sa naɗin tacewa gaba da kowace kwandansa. Fizgar tana kwantawa, fitila ta huta, matsi ya tsaya da kyau, sai dai wajen 0,9 na matsin taransifo ake samu maimakon kusan 1,41. Sharaɗinta a wutar da ke zagaye 50 shi ne henri na naɗin kada ya gaza turjiyar ampili a raba da 940: ampilin da ke jan mA 70 a wolt 350 turjiyarsa om 5000 ce, yana bukatar sama da henri 5,3.

3.5. Lokacin zafi

Fitila mai zare tsirara, irin 5Y3GT da 5U4GB, tana soma aiki cikin sakan 2 ko 3. Fitilun ƙarfi kuwa sai sun yi sakan 10 zuwa 15 kafin su soma jan wuta. A tsakanin nan babu mai sha, matsi yakan hau ƙololuwa. GZ34 da 5V4G da EZ81 suna zafi tare da sauran, matsin ya tashi a hankali. Mu koma ga Stereo 70: taransifonsa 360-0-360 ne, ƙololuwa wolt 509, kwandansarsa ta asali kuwa iyakarta 525. Wolt 16 ne sararin da ya rage in babu mai sha, kuma wannan a wutar wolt 117 da aka tsara shi a kanta. Jinkirin GZ34 yana cikin lissafin wanda ya tsara shi.

Fitilu masu zare tsirara sun fi son tsayuwa. In dole ne a kwantar da su, takardar kowace ta faɗi ƙafafun da za su kasance sama da ƙasa domin kada zaren ya lanƙwaso ya taɓa anod.

4. Wutar gari

Takardun da muke ta ambato an rubuta su ne da zaton wuta tsayayya. Ampilin da aka ƙera don Amurka yana jiran wolt 117 ko 120 mai zagaye 60, mu kuwa tamu wolt 220 ce mai zagaye 50. Taransifon rage matsi yana gyara na farko, ba ya gyara na biyu: a zagaye 50 ƙarfen taransifo yana ɗaukar maganaɗisun da ya fi na asali da kashi 20 cikin 100, yana ƙara zafi tun ba a ɗora masa komi ba. A haɗa wannan da ɗakin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu ko Mayu a Tawa ko Damagaram, za a ga dalilin da ya sa muka matsa a kan ampa guda na 3.1.

Hawa da saukar wuta duka suna ɓarna. Ƙarin kashi 10 cikin 100 yana kai ƙololuwar 509 zuwa 560. Raguwa kuma tana barin katod da sanyi alhali ana jan kwarara daga gare shi, zare kuwa ba ya son kaucewar da ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Amma abin da ya fi kashe GZ34 shi ne ɗaukewar wuta ta ƴan sakan, ko sauyawa daga wutar gari zuwa injin gurup. Fitilun ƙarfi masu zafi sun riga sun tsotse kwandansa, katod na GZ34 bai huce ba, sai wuta ta dawo. Jinkirin da muka yaba a 3.5 babu shi, fitila ta fuskanci kwandansa fanko da cikakken matsi. Da zarar wuta ta ɗauke a kashe makunni, a jira minti guda ko biyu bayan ta dawo. Makunnin jiran aiki da wasu ampilin gita ke da shi yana haifar da irin wannan fizga in an saka shi tsakanin fitila da kwandansa ta farko.

Gargaɗi guda game da tsofaffin rediyoyin Turai marasa taransifo (tous courants), masu UY41 ko UY85. A cikinsu ƙarfen rediyo yana iya kasancewa haɗe da wayar gari kai tsaye. Ba a taɓa cikinsu sai ta bayan taransifon keɓewa.

5. Diyod, sababbin fitilu, da kunnawar farko

Diyod na silisiyom irin 1N4007 wolt guda kawai yake ci, ba ya bukatar zare, kuɗinsa kuma ba a bakin komi yake ba. Masana'antu sun koma gare shi tun shekarun 1960. Fender Twin Reverb na 1963 da diyod ya fito. Ga mai haɗa sabon ampili babu aibu a cikinsa. Ga mai gyaran tsoho kuwa duk matsalolin 3.3 da 3.5 suna taruwa: matsi ya hau fiye da na GZ34, ya kuma iso nan take. In babu makawa, a jera biyu a kowane gefe, domin iyakar matsin baya na 1N4007 wolt 1000 ce, mun kuwa ga cewa 350-0-350 yana kai 990 tun wuta ba ta hau ba. Sa'an nan a bi su da rezistansi mai wat da yawa da zai ci abin da fitilar ke ci. Wata dabara da muke ganin amfaninta ita ce a bar fitilar a wurinta, a saka diyod a gaban kowane anod nata. Jinkiri da faɗuwar matsi suna nan yadda suke, diyod ya ɗauke mata nauyin matsin baya, in ta haɗe a ciki kuma wuta mai kai da komowa ba za ta isa ga kwandansa ba.

Mullard ta daina ƙera fitilu a Blackburn tun farkon shekarun 1980, kuma GZ34 nata da suka rage sun yi tsada. Sababbi suna fitowa daga JJ Electronic a Čadca ta Sulobakiya, da masana'antar Saratov a Rasha, da wasu a Sin. A watan Maris na 2022, bayan soma yaƙin Yukiren, takunkumin fitar da kaya daga Rasha ya sa fitilu suka yi ƙaranci na wani lokaci, farashi ya tashi. Game da sababbin, shawararmu ita ce kada a kai su bakin iyakar da tsohuwar takarda ta faɗa, kuma kada a amince da suna kaɗai: akwai waɗanda ake sayarwa da sunan 5Y3GT alhali katod nasu bututu ne, faɗuwar matsinsu ba ta kai ta asali ba. Duban cikin kwalba ya isa ya nuna, domin zare tsirara ana ganinsa kamar siririn ƙyalle da aka rataya cikin anod. Tabon azurfa da ke jikin gilashi in ya koma fari, iska ta shiga, fitilar ta mutu.

Na'urar gwajin fitila ba ta cika kai matsin aiki ba, saboda haka fitilar da ta ci gwaji tana iya yin walƙiya a wolt 450. Gwajin da muke dogara da shi cikin ampilin ne. Kunnawar farko ana yin ta ne da ampul mai zare na wat 60 ko 100 a jere da wayar shiga: in ya haska ya dusashe lafiya, in ya tsaya da haske akwai haɗewa. Bayan an cire ampul sai a auna matsin zare, da matsin kowane anod, wanda ya kamata su yi daidai da juna, da miƙaƙƙen matsi a ƙafa ta 8, a lura da inda ya hau cikin sakan 15 na farko da inda ya tsaya. Gurnanin da ya sauka daga zagaye 100 zuwa 50 alama ce cewa rabi guda na fitilar ya raunana. Ana wannan awo da hannu guda, ɗayan a aljihu. Kwandansa tana riƙe wolt ɗaruruwa bayan an zare waya, musamman in an kashe ampili kafin fitilun ƙarfi su yi zafi, don haka kafin a sa yatsa a sauke ta da rezistansi mai om 100 000 da wat 5, a tabbatar da ma'auni. Daga nan a bar ampili ya yi awa guda yana aiki, a kashe, a ɗora tafin hannu bisa taransifo. In ba a iya barinsa sakan 5 ba, a koma ga lissafin 3.1.